Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A hawa na uku, a Porto, inda ruwan sama ba ya neman izini,
akwai akwatin gilashin da Graciete ta bar mini:
kifi tara, dutse ɗaya mai rami,
da ciyawar ruwa da ta sayo a bayan tasha
kwana goma sha ɗaya kafin asibiti.

A jikin ciyawar nan suka shigo,
ba sallama, ba ƙunshin kaya.

Na farko na gan shi a watan Nuwamba,
dodon koɗi, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
yana jan ɗakinsa a kan gilashi
kamar tsohon da aka tasa daga gidan haya.
Har na ce masa, sannu da hanya.

Kafin Kirsimeti sun cinye bango huɗu.
In na kunna fitila da asuba
sai in ga gilashi ya yi ƙyanda,
kifayen Graciete suna leƙena ta tsakanin ƙuraje.

Na murƙushe da babban yatsa, ƙaras, ƙaras,
har tsigar jikina ta tashi.
Na kwasa da ludayi, na wanke tsakuwa.
Mako guda suka dawo da jikokinsu.
Mai shago ya miƙo kwalba mai shuɗin ruwa,
ya ce ɗigo goma, zance ya ƙare.
Na ce, kifin fa? Ya ɗaga kafaɗa.
Na bar masa kwalbarsa a kan kanta.

Idalina ta hawa na biyu,
wadda ta yi shekara talatin tana sayar da kifi a Matosinhos,
ta hauro da sanda, tana haki, tana zagin matakala.
Ba ta ko kalli dodon koɗi ba.
Ta ce, Anselmo, ba su abinci in gani.

Na buɗe gwangwani, na barbaɗa.
Na ƙara.
Zan ƙara, ta cafke wuyan hannuna.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji ta.
Kifi tara, ciki tara, kowanne bai fi idon mai shi ba.
Saura ƙasa yake sauka.
Kai ke yin walima kullum,
su gayyata kawai suka amsa.

Ta bi ni kicin neman wuƙa.
Ga tukunyar miyar kabeji, cike, ta mutum biyu,
ga faranti biyu a kife.
Ta gani. Na ga ta gani.
Ta ce, kana da kokwamba?

Yanki ɗaya, a ɗan tsoma shi a ruwan zafi,
a soke shi da cokali mai yatsu don ya nutse,
a kashe fitila, a je a kwanta.
Da safe kokwamba ta yi baƙi ƙirin da 'yan walima.
Na ƙirga: ɗari da goma sha huɗu.
Kashegari tamanin da shida.
Ta ce kada in kuskura in zuba su a Douro,
kogi ba juji ba ne;
jikanta na da kifi mai kumburin ciki
wanda dodon koɗi ne abincinsa.
Kullum sai in sauka da kwano.

Yanzu tsunkule ɗaya ne, da safe.
Hannuna bai yarda ba tukuna,
yakan tsaya a kan gwangwani kamar mai jiran kira.

Na bar biyar da gangan.
Suna lashe gansakuka, ba sa neman lada.
Su ne shaiduna:
ranar da na ga sun fara yawa
na san hannun ya koma auna wa wadda ba ta nan.

Miyar kabeji kam har yau ta mutum biyu ce.
Wannan na kasa ragewa.
Ƙarfe bakwai nakan rufe ta da faranti,
in sauka hawa ɗaya, a hankali,
kada ta zube.